Kofi ko Giram? Yadda Ake Awon Ɗanyen Cuku Don Girki Ya Fito Daidai

Da yawa daga cikin girke-girken da ke yawo a wayoyinmu daga Amurka suka taso, shi kuwa Ba'amurke da kofi yake awo. Mai kanti a Tamanrasat ko Agadas ko Maraɗi, kilo da giram ya sani. Ita kuma Buzuwar da ta sauke cukunta a bakin kasuwa ba ruwanta da ko ɗaya, ƙirge take yi: guda kaza, kuɗi kaza. Uwargida ce ke tsaye a tsakiyarsu da kwano a hannu. An ce ta zuba kofi ɗaya na cuku, ba a faɗa mata wane kofi ba, ba a kuma faɗa mata wane cuku ba.

Cukun da ake nufi a irin waɗannan girke-girke shi ne fari, ɗanye, mai gudaji-gudaji, wanda ake rubuta wa cottage cheese a jikin robarsa. A manyan kantunan Abuja ko Kano ko birnin Aljiyas akan yi dace da shi. Amma ɗauki wuri irin In Ekker, wani zango a kan titin da ya ratsa Sahara, kimanin kilomita 150 arewa da Tamanrasat, kusa da In Amgel.  Mai neman cukun roba a nan ya ɓata lokacinsa. Abin da ke akwai a wannan yanki na Ahaggar shi ne madarar akuya, da madarar gari, da busasshen cukun Abzinawa. Mutanenmu na Nijar da Nijeriya da ke neman abinci a Tamanrasat da garuruwan da ke kan wannan hanya, da waɗannan za su yi girki, haka ma wadda ke Tawa ko Katsina. Don haka jagorar nan ba ta mai sayen roba ce kaɗai ba. Har da mai haɗa nata a gida, da mai son maye gurbinsa da busasshe.

Lissafin da za ki haddace

Kofi ɗaya na Amurka, in an cika shi da ɗanyen cuku mai ƙananan gudaji da ɗan ruwa-ruwansa, ba a danna ba, giram 225 ne. Wannan shi ne adadin da ke cikin kundin abinci na Ma'aikatar Noma ta Amurka, kuma shi masu rubuta girki ke nufi in ba su yi wani ƙarin bayani ba. Daga nan sai rabawa:

Rubu'in kofi, giram 56
Sulusin kofi, giram 75
Rabin kofi, giram 113
Kashi biyu cikin uku, giram 150
Kashi uku cikin huɗu, giram 170
Kofi ɗaya da rabi, giram 340
Kofi biyu, giram 450

Babban cokali goma sha shida ne ke cika kofi, saboda haka kowane ɗaya giram 14 ne. Ƙaramin cokali, irin na shayi, bai cika giram 5 ba. In kuma girkin da auns aka rubuta shi, auns ɗaya giram 28 ne da ɗan ɗoriya, robar auns 16 kuwa giram 454, wato kofi biyu ke nan.

Wani lokaci lissafin juyawa yake: girki ya zo da giram, ke kuma kofi gare ki. Giram 100 babban cokali bakwai ne. Giram 250 kofi ɗaya da babban cokali biyu. Rabin kilo kofi biyu da rubu'i. Kilo guda ya kusa kofi huɗu da rabi.

Da a ce cuku iri ɗaya ne a ko'ina, da magana ta ƙare a nan.

Iska da ruwa

Kundin nan da ya ce 225, shi ne kuma ya ce mai manyan gudaji giram 210 ne a kofi, wanda aka tsane ba a zuba masa kirim ba kuwa giram 145 kacal. Kofi ɗaya, abu ɗaya, amma tsakanin na farko da na ƙarshe akwai giram 80. A girkin da ke neman kofi biyu, giram 160 ke nan, ya ɗara cikon kofi guda na tsanannen. Wadda ta tace cukunta a gida, ta cika kofi biyu tana ganin ta bi ƙa'ida, ta tauye kek ɗinta sosai ba ta sani ba.

Ina giram 80 ɗin suka shige? Zuba tsakuwa a kwano har baki, ki ce ya cika, sannan ki tsiyaya ruwa ki ga yadda zai samu wurin zama. Haka gudajin cuku yake, tsakanin ƙwara da ƙwara iska ce. Kofi fili yake aunawa, bai damu ba ko abinci ne ya cika filin ko iska. A cukun roba, kirim da madarar da aka kwaɓa da su sun toshe waɗannan ramuka, shi ya sa ya fi nauyi. Manyan gudaji sun fi barin rami, shi ya sa suka kasa ƙanana. In kika sa bayan cokali kika danna, kin kori iskar, nauyi ya hau. Mutum biyu za su auna cuku ɗaya da kofi ɗaya, a ɗora a sikeli a ga kowa da nasa, don hannun wannan ya fi na wancan nauyi.

Sikeli ba ya ƙirga iska, nan ya fi kofi. Amma yana ƙirga ruwa, kuma a nan ne masu sabon sikeli ke ruɗuwa. Ɗanyen cukun roba kusan kashi 80 cikin 100 nasa ruwa ne. Dokar Amurka ma ta ƙayyade kada ruwansa ya wuce haka, ta kuma ce kada maiƙonsa ya kasa kashi 4 cikin 100 in ba an rubuta cewa mai rangwamen maiƙo ne ba. Wato a cikin giram 225 ɗin nan, ainihin abincin kusan giram 45 ne. To idan kin ɗaure naki a ƙyalle kin murɗe har ya daina ɗiga, ya koma dunƙule mai yankuwa da wuƙa, giram 225 nasa ba irin giram 225 ɗin da marubucin girki ke nufi ba ne. Naki zai iya ninka nasa ƙarfi, ga shi kuma ba ruwan da zai jiƙa fulawa. Kwaɓin zai yi tauri, kek ya fito a cushe, a ɗora wa murhu laifi.

Saboda haka tambaya biyu ce kafin awo: da me nake aunawa, kuma yaya jikin cukun yake. A ganina ta biyun ta fi muhimmanci, kuma ita aka fi mantawa.

A ƙasar da iska ke da bushi akwai wani ƙari. A Ahaggar kusan duk shekara, a ƙasar Hausa kuma lokacin hunturu, cukun da aka bari a buɗe a faranti yakan yi ɓawo a sama ya rage nauyi kafin a gama haɗa sauran kaya. Kada ki auna da safe ki yi amfani da la'asar. Auna lokacin da za ki zuba, ko ki rufe shi.

Wane kofi?

Kofin Amurka mililita 237 yake ci, ko da yake a jikin kwalayen abinci suna ɗaukarsa 240. Na Ostareliya 250 ne, kuma ana samun irinsa a cikin jerin kofunan awo na roba da ake kawowa kasuwanninmu. Duba mariƙinsa, galibi an rubuta. Tsofaffin littattafan girki na Ingila kofinsu rabin faint ne, mililita 284. Na Japan 200. In ɗanyen cuku mai ruwa-ruwa ne, kofin 250 zai ɗauki kusan giram 240, na 284 giram 270, na 200 kuma giram 190. Hatta cokali bai tsira ba: babban cokali mililita 15 ne a yawancin ƙasashe, amma a Ostareliya 20 ne.

Akwai kuma bambancin ɗabi'a, wanda ya fi na kofin kansa yi mana illa. Mu awon kasuwa muka tashi da shi. Mai hatsi zai cika mudu ko tiya har ya yi tsororo, mai saye ya sa tafin hannu ya tare gefe don kada ƙwaya ta zube, a ƙarshe a nemi gyara. In aka ba ka mudu a shafe, an cuce ka. Kofin girkin Amurka kuwa a shafe yake. Tun littafin da wata malamar girki ta Boston, Fannie Farmer, ta fitar a 1896 wannan ƙa'ida ta zauna musu: a cika, a bi bakin da bayan wuƙa a share abin da ya haura. Hannun da ya saba da tsororo zai ƙara cokali uku ko huɗu a kowane kofi ba da niyya ba. Don haka ki riƙa ɗiba da cokali kina zubawa a hankali, kada ki danna, kada ki buga gindin kofin a tebur, sannan ki shafe.

Kada kuma ki ɗauki 225 ki kai wa wani abin. Kofin fulawa giram 120 zuwa 125 ne, na sukari 200, na madara 244, na bota 227. Kowane abu da nauyinsa.

Maida kayan gida ma'auni

Ba kowane gida ke da kofin awo ba, amma kowane gida na da gwangwanin madara, ko kofin silba, ko ƙananan kofunan gilashi na shayi. Duk ana iya aiki da su, muddin an san cikinsu. Dabarar a ruwa take: mililita ɗaya na ruwa giram ɗaya ne, lita ɗaya kilo ɗaya. A kan haka aka kafa awon giram tun farko a Faransa, cikin shekarun 1790.

In kina da sikeli, ɗora gwangwanin babu komai, danna maɓallin da ke mayar da lamba sifiri, cika shi da ruwa har baki, karanta. In ya nuna 170, gwangwaninki mililita 170 yake ci. In babu sikeli, fidar jariri na da zanen mililita a jikinta, haka ma babban sirinji na kemis da murfin maganin yara. Har ledar ruwa ta rabin lita tana ba da haske: in ta cika kofinki sau biyu cif, na 250 ne, in ta yi saura kamar babban cokali biyu, na Amurka ne. Sai dai ba kowace leda ake cikawa daidai ba, fidar ta fi aminci.

Da kin san cikin abin, sauran lissafi ne mai sauƙi. Cuku mai ruwa-ruwa, ki cire kashi ɗaya cikin ashirin daga adadin mililita. Tsananne mai warwara, ki ɗauki kashi shida cikin goma. Gwangwani mai cin 170 zai ɗauki kusan giram 160 na mai ruwa, ko 100 da 'yan kai na tsananne. Kofin shayi mai cin 80 zai ɗauki giram 76, wato uku daga cikinsa kofin Amurka guda ke nan. Gwada naki dai, don kofunan shayi sun bambanta ƙwarai, gwangwanayen madara ma kamfanoni na rage musu girma ba sanarwa. Wanda kika gwada, ki yi masa alama ki ware shi, kada ya koma cikin na shan ruwan yara.

Duk da haka, shawarata ita ce a sayi sikeli. Ƙarami na batir mai nuna giram ɗaya-ɗaya har kilo biyar ya wadatar. Na mai nama ko na mai siminti ba zai yi ba, domin giram 50 ba ta motsa allurarsa. Ki ɗora shi a kan abu mai tauri kuma a miƙe, ba kan tabarma ko yashi ba, ki kare shi daga iskar fanka. In lambobi suka fara rawa, batir ne ya yi sanyi. In kina shakkarsa, auna masa rabin lita na ruwa, ya kamata ya ce 500 ko dab da haka. Sikeli ma yana rage wanke-wanke: kwano ɗaya za ki ɗora, ki zuba fulawa, ki mayar sifiri, ki zuba cuku, ki mayar sifiri, har ki gama.

Haɗa naki a gida

Madarar saniya ko ta akuya lita ɗaya takan ba da tsanannen cuku tsakanin giram 150 da 200, gwargwadon kaurinta da yadda aka tace. Saboda haka lita ɗaya ta isa kofi guda, in an bi yadda zan faɗa. In madarar gari ce mai cikakken maiƙo, kusan giram 130 a ruwa mililita 900 ke ba da lita. Madarar leda da aka saba da ita a Aljeriya ma tana yi, sai dai an rage mata maiƙo, cukunta bai kai na akuya daɗi ba. Ta raƙumi kuwa kada ki wahalar da kanki. Ba ta kamawa yadda ta saniya ke yi, gudajinta ba ya haɗuwa, shi ya sa makiyayan da ke da raƙuma da awaki, da ta awakin suke cuku. Kamfanin Tiviski na Muritaniya da ya yi suna da cukun raƙumi sai da ya nemi taimakon masana kafin abin ya yiwu.

Fara da tafasa madarar, musamman wadda aka tatso daga garke. Ɗanyar madara na iya ɗauke da tarin fuka da cutar nan mai sa dabbobi ɓari, mai sa mutum zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, kuma wannan cuku ba a ajiye shi ya tsufa, wani lokaci ma ba a sake dafa shi. Riƙa juyawa don kada ta kama. Da ta taso sai ki sauke, ki bar ta kamar minti biyar hucin ya ragu. Sannan ki zuba ruwan lemon tsami ko khal, babban cokali biyu zuwa uku ga kowace lita, kaɗan-kaɗan, kina juyawa sau ɗaya ko biyu a hankali.

A nan ne ake son ido. Da farko za ki ga kamar ba abin da ya faru. Can sai farin ya fara tsinkewa, 'yan ƙwarori su bayyana a jikin ludayi, su riƙa haɗuwa suna girma, ruwan da ke tsakaninsu ya bar fari ya koma garai-garai, ruwan ɗorawa mai ɗan kore. Wannan launin shi ne shaida. In ruwan na nan fari kamar madara, tsamin bai isa ba, ƙara rabin cokali. In ya washe, cire hannunki. Yawan juyawa na farfasa gudajin ya koma gari, yawan tsami kuma na sa shi ƙanƙancewa ya yi tauri. Rufe tukunyar ki ba ta minti goma zuwa sha biyar.

Shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a rariya, juye, ki bar shi ya tsane da kansa kamar minti biyar. Ɗauraye da ruwan sha mai sanyi don tsamin ya fita, ki sa yatsu ki wargaza gudajin. Kada ki murɗe ƙyallen. Na san hannu na ƙaiƙayin yin haka, amma matsa shi ne ke raba shi da cukun da girkin ke nema.

Yanzu sai a gina kofin. Ɗauki kashi biyu na gudaji, kashi ɗaya na madara mai kauri, ko madara da kirim, ko kindirmo in kina son ɗan tsami. Giram 150 na gudaji da giram 75 na madara sun ba ki 225. Barbaɗa ɗan gishiri, juya, bar shi ya zauna kaɗan gudajin ya sha. Abin da ke gabanki yanzu shi ne kofi ɗaya da marubucin girki ke nufi, a nauyi da kuma a laushi.

Akwai hanyar da ba ta bukatar lemo. Ɗora kindirmo ko tsala a wuta marar ƙarfi, kada ya tafasa, zai tsinke da kansa tunda tsaminsa na jikinsa. Haka mutanen Aljeriya ke yin kilila daga nonon da aka kaɗe aka cire wa mai, su ci ɗanye ko su shanya. Warar Fulani ta ƙasar Yarbawa da arewacin Benin, wadda ake kamawa da ruwan tumfafiya, ita ma za ta iya shiga, amma dunƙule ce: murmushe giram 150 ki sassauta da madara kamar yadda aka faɗa. Awarar waken suya kuwa wani abu ne daban, kada a haɗa lissafinsu.

Ruwan da ya tsane kada ki zubar. Kwaɓa fulawar burodi ko fanke da shi.

In busasshe ne a hannu

Cukun da Bahaushe ya fi sani shi ne busasshe, falle-falle, mai zanen karan da aka shanya shi a kai, irin wanda ake kawowa daga Tawa da Abalak da Agadas. Abzinawan Ahaggar na yin ɗan'uwansa da madarar akuya, suna kiransa takammart. Da ɗan yanki na tumbin ɗan akuya mai shan nono ake kama madarar, a kwashe da ludayi a zuba kan tabarmar kara ya tsane, a shanya har ya bushe ƙayau. Ana ci da shayi, ana daka shi da gero da dabino a dama, matafiyi ya ɗaure a jaka ya yi watanni bai lalace ba.

Wannan ba a auna shi da kofi ko kaɗan. In kin kakkarya, rabin kofin iska ne. In kin daka, nauyin ya danganta da laushin dakan. Guda-guda ma ba awo ba ne, don fallen wata ya fi na wata kauri. Sikeli kawai.

Kuskuren da za a guje wa shi ne auna giram 225 na busasshe a madadin kofi ɗaya na ɗanye. Wannan ya ninka abin da ake bukata sau huɗu ko fiye. Tuna cewa abincin da ke cikin kofin ɗanye giram 45 ne. Busasshen na da ɗan sauran danshi, don haka ki fara da giram 50 zuwa 60. Daka shi ya yi laushi, zuba madara mai ɗumi har jimilla ta kai 225, rufe ki ba shi awa ɗaya ko biyu a wuri mai sanyi. Gaskiyar magana, ba zai koma ɗanye ba. Zai fi maiƙo, ƙamshinsa ya fi ƙarfi, kuma za a ji ɗan tsaki-tsaki a baki. A cikin fanke, ko cikin samosa, ko miyar taliya, wannan ƙamshin riba ne. A kek mai son laushi da santsi kuwa bai dace ba, gara ki kama sabuwar madara.

Inda ake tsanantawa da inda ba a yi

Ba kowane girki ke bukatar wannan ƙididdiga ba. In a kan salak za ki zuba, ko cikin ƙwai, ko a shafa a burodi, ido ya isa, giram ashirin sama ko ƙasa ba ta ɓata komai. Inda ake tsanantawa shi ne duk abin da za a gasa ko a soya da fulawa, domin a nan ruwan cukun na cikin lissafin kwaɓi.

Ga misali da za ki gwada hannunki. An rubuta: cuku kofi ɗaya, ƙwai uku, fulawa rabin kofi, sukari babban cokali ɗaya, bekin foda ƙaramin cokali ɗaya. A sikeli: cuku 225, fulawa 60, sukari 12 ko 13, ƙwai kuwa kowane babba kusan giram 50 ne ba ɓawo. In ƙwan kajin gida ne ko na zabi, fasa ki auna har ya kai 150, zai iya cin huɗu ko biyar. Haɗa, ki ɗebo da ludayi: kwaɓin ya zubo a hankali, ya bazu kaɗan a kasko ya tsaya. In ya tsaya cak bai bazu ba, cukunki ya tsane da yawa, ƙara madara cokali-cokali. In ya malale, barbaɗa fulawa. Wadda ke Tamanrasat ta ɗan rage bekin foda, domin garin na kan tudu, sama da mita 1,300, kuma a irin wannan tsayi kwaɓi kan yi saurin tashi ya faɗa.

Masu lissafin abinci don lafiya su ma giram ya kamata su bi. Giram 100 na wannan cuku na da furotin kusan giram 11, kofi guda kusan 25 ke nan. Mai hawan jini ya lura da na roba: kofi ɗaya kan ɗauki sodiyam tsakanin miligiram 700 da 900, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai 2,000 a yini. Na gida ya fi a nan, tunda gishirin a hannunki yake. Amma in girkin da cukun roba aka tsara shi, naki kuma lami ne, sai ki ƙara ɗan gishiri a kwaɓin.

Ɗanyen cuku ba ya jure zafi. In babu firji, a yi shi a cinye a ranar. A firji, cikin roba mai murfi, kwana uku zuwa huɗu. In ya kwana za ki ga ruwa ya taru a sama. Kada ki tsiyaye kafin awo, juya shi ya koma ciki, don yana cikin giram 225 ɗin. In ya yi yauƙi, ko ya canza launi, ko wari ya sauya, zubar da shi.

Duk girkin da ya yi miki kyau, ki samu littafi ki rubuta shi da giram, ki ƙara da yadda cukun yake a ranar: na roba, na gida mai madara, ko busasshe da aka jiƙa. Wanda ya zo da kofi, ki juya shi sau ɗaya ki rubuta a gefe. In za ki tura wa ƙanwarki ko maƙwabciya, da giram ɗin za ki tura mata.